Wa Ya Fi Iya Tsara Waƙa? Abin da Ɗakin Faya-fayai Ya Koya Mini

Aikina a gidan rediyo kashi biyu ne. Da rana ina ɗakin ajiya, ina kwashe tsofaffin waƙoƙi daga kaset da manyan faya-fayan zare ina mayar da su cikin kwamfuta. Kowace waƙa sai na rubuta sunan mawaƙin, da wanda aka yi wa ita, da irin kayan kiɗan, wani lokaci kuma in zauna in rubuta ta gaba ɗaya saboda ɗaliban jami'a da ke zuwa nema. Daren Juma'a ina gabatar da shirin waƙoƙin da, inda masu sauraro ke bugo waya. Waɗannan ayyuka biyu su suka jefa ni tsakiyar gardamar da ba ta ƙarewa a ƙasar Hausa: a cikin mawaƙanmu, wa ya fi kowa iya tsara waƙa?

Masu bugo waya ba sa shan wahalar amsawa. Mutumin Funtua ko Musawa ko Daura zai ce Shata, har ya yi mamakin an ma yi tambayar. Basakkwace da Bazamfare su ce Narambaɗa, in sun sassauta su ce Ɗanƙwairo. Na Jos ya ce Ɗanmaraya. Bahaɗeje ya tuna maka da Haruna Uji da gurminsa. Masu kama mu daga Maraɗi da Tawa su ce mun yi wa Mamman Gawo Filinge da Sa'adu Bori rashin adalci. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ban ga laifinsu ba. Galibi abin da mutum ke karewa shi ne muryar da ya tashi yana ji a rediyon mahaifinsa da safe, ko waƙar da aka saka ranar ɗaurin aurensa. Wannan ƙauna ce ta gaskiya. Sai dai ba ta raba gardama, domin kowa da tasa.

Rubuta waƙa daga kaset aiki ne mai cin rai. Ka saurari layi, ka tsayar, ka rubuta, ka mayar baya ka sake saurare saboda kalangu ya danne wata kalma ko zaren ya ɗan tauye. Waƙar minti goma tana iya cinye maka yini. Amma babu abin da ke tona asirin mawaƙi kamar wannan aiki. Idan aka cire murya, aka cire kiɗa, aka cire guɗar mata da kirarin sanƙira, abin da ya rage a takarda shi ne maganar da mutumin ya tsara. Akwai waƙoƙin da duk gari ke rawa da su, in ka rubuta sai ka tarar layi huɗu ne ake ta juyawa. Akwai kuma waɗanda sai a takardar za ka ga iyakar zurfinsu.

Na Ibrahim Narambaɗa suna cikin kashi na biyu. Makaɗin kotso ne, mutumin Tubali, wanda ya yi zamansa yana yi wa Sarkin Gobir na Isa, Amadu, waƙa. Isa ba babbar fada ba ce in aka jera ta da Kano ko Katsina ko Zazzau. Duk da haka yau yaron da bai taɓa taka ƙasar Gobir ba ya san sunan Sarkin Gobir Amadu, kuma ta bakin mutum ɗaya ya san shi. Idan ka shimfiɗa waƙar Narambaɗa a takarda za ka ga kowane ɗan waƙa, wato baitin da ke zuwa tsakanin amshi da amshi, da aikinsa. Wannan ya kafa asalin sarki ya jero kakanni. Wancan ya zuga shi. Na gaba ya juya kan ɗan sarkin da ke hangen gadon sarauta ya yi masa zambo, sannan a gangaro a faɗa kan gindin waƙa daidai inda kunne ke jira. Ba ya buƙatar kama suna. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, fadawan da ke zaune a wurin ma sun sani. Mu da muka zo bayan shekara sittin ba mu san mutanen ba, amma siffarsu da halinsu suna nan a waƙar kamar jiya aka zana su.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne mutumin ya san abin da yake yi, kuma ya faɗa da bakinsa. A Bakandamiya, babbar waƙarsa, ya tsaya ya yi magana a kan ita kanta sana'ar, yadda azanci ke zo masa, har ya kwatanta zubin waƙarsa da na Alfazazi, malamin nan na Andalus mai Ishiriniya. Ka dubi wannan da kyau. Makaɗin fada a wani gari na Gobir yana auna kansa da mai begen Annabi da ya rasu tun ƙarni na 13, wanda har yau ake raira baitocinsa a daren Mauludi. Wasu za su ce cika baki ne irin na mawaƙa. Ni na ɗauke shi a matsayin mutum mai nuna ma'aunin da yake so a auna shi da shi: tsari, da daidaiton layi, da maganar da za ta zauna a ka ba ta zube ba. Ko doki ya yi wa waƙa, kamar Ɗanhilinge, haka yake ɗaukar aikin da nauyi, ba ya sassauta hannu don wanda ake yabo dabba ce.

Mamman Shata kuwa takarda cutarsa take yi. Na sha rubuta waƙarsa in dubi shafin in ga sunayen mutane, sunayen garuruwa, kyautar da aka yi masa, gajerun layuka, maimaici, sai gindin waƙa da 'yan amshi ke ta nanatawa ba canji. Ɗalibin da ya karɓi takardar bai ji kaset ɗin ba, yana iya tambaya ina abin da ake ta zuzutawa yake. Abin yana inda alƙalami ba ya kaiwa. Yana cikin yadda yake riƙe kalma har kalangu ya kusa wucewa sannan ya sauke ta. Yana cikin yadda yake barin 'yan amshi su zagayo sau biyu, sau uku, shi ya yi shiru, jama'a na jira, sannan ya shigo da magana ɗaya da za ta tayar da fili.

A ajiyarmu akwai ɗauka biyu na waƙarsa ɗaya, ta farko a situdiyo, ta biyu a wajen biki. Gindi ɗaya ne, kiɗa ɗaya ne, amma 'ya'yan waƙar kusan duk sun bambanta. A ta bikin, ana tsakiyar waƙa sai ka ji hayaniya ta tashi a can baya, da ƙarar mota, alamar wani babba ya iso. Kafin hayaniyar ta lafa Shata ya riga ya saka mutumin a waƙa, da garinsu da sunan mahaifinsa, ya gaishe shi, ya koma kan wanda yake yi wa waƙar tun asali, kuma ko kusa bai karya kiɗa ba. Na mayar da wannan wuri baya ba adadi, ina neman inda ya yi tuntuɓe ko ya ja numfashin tunani. Babu. A tsaye yake tsara waƙa, a gaban mutane, ba damar gogewa ko gyara.

An haife shi a Musawa a 1923, ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Ya fi shekara hamsin yana waƙa. Kalangun da yake amfani da shi asalinsa kiɗan mahauta ne, ba na fada ba, amma ya kai shi gaban sarakuna suka saurara. Ya yi wa attajirai, ya yi wa direbobi, ya yi wa sojoji lokacin yaƙin basasa, kuma da Amurkawa suka sauka a wata a 1969 ya yi wa kumbon Apollo waƙa. Babu abin da ya fi ƙarfin bakinsa. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana, a 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Shi ya sa a 2016, da aka ba mawaƙin Amurka Bob Dylan kyautar Nobel ta adabi Turawa suka shiga musun ko waƙar da ake rerawa da kiɗa adabi ce, na ga ashe mu mun daɗe da wuce wannan mataki.

Abin da na ɗauka daga mutanen nan biyu shi ne tsara waƙa iri biyu ne. Akwai wanda ake yi a zaune, a juya, a tace, a haddace kafin a fito fili. Akwai wanda ake yi a fili, idon jama'a na kanka. Wanda ya auna Shata da takarda zai raina shi a banza. Wanda kuma ya ce Narambaɗa bai kai Shata ba saboda bai yi wa duniya duka waƙa ba, ya manta aikin makaɗin fada shi ne ya tsaya ga ubangidansa ɗaya, ya yi ta nemo sabuwar hanyar faɗin abu guda shekara da shekaru ba tare da an gaji da ji ba. Wannan ma ba ƙaramar wuya ba ce.

Darasin da ya fi canza yadda nake aiki daga 'yan amshi ya zo. In muna rubuta waƙa mukan raba ta, mu sa "Jagora" a gefen abin da mawaƙin ya faɗa, mu sa "'Yan amshi" a gefen nasu. A waƙar Shata nasu layi ɗaya ne daga farko har ƙarshe. A waƙoƙin fada irin na Narambaɗa da Ɗanƙwairo abin ba haka yake ba. Jagora ya fara magana, kafin ya kai rabi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari su ɗora nasu har layi uku ko huɗu. Akwai shafukan da in ka duba, maganar 'yan amshi ta fi ta jagora yawa. Mutum huɗu ko biyar ba za su buɗe baki lokaci ɗaya su faɗi magana iri ɗaya ba sai an zauna an shirya ta. To, a wannan zama wa ke kawo me?

Ni Bakano ne, Gobiranci da Zamfarci sukan ba ni wahala a tsofaffin faya-fayai. Saboda haka aka haɗa ni da wani dattijo a wani ƙauye ta wajen Zamfara, wanda a ƙuruciyarsa ya yi amshi a bayan wani makaɗin fada na yankinsu. Na je masa da 'yar na'urar sauraro don ya warware mini wasu kalmomi. Muna zaune a kan tabarma a ƙofar gidansa, na kunna, ya karkata kai ya dafa kunne ɗaya. Duk inda jagora ya fara layi, leɓensa sai ya motsa ya ƙarasa tare da 'yan amshin, yatsunsa na buga kiɗan kotso a gwiwarsa. Na tsayar na ce, "Baba, wannan ƙarin da ake yi, maigida ne ke ba ku shi tun a gida?" Ya ce, "Ɗana, wani shi ka ba mu, wani mu ka ba shi."

Ya ba ni labarin yadda sukan zauna a zaure bayan sallar isha'i. Maigida ya kawo gindin waƙa da abin da yake so a faɗa, a yi ta juya shi har ya hau kiɗa. Wani ya jefo layi, in bai yi ba a yi dariya a wuce, in ya yi daɗi a riƙe. Wani shi ya fi sanin tarihin gidan sarauta, wani ya fi iya zambo, wani kunnensa ne ke gane inda layi ya yi tsawo. Washegari a fada, duk abin da aka rera na maigida ne. Na tambaye shi ko abin bai taɓa yi masa ciwo ba. Ya ce in magini na kan katanga, wa ke tambayar sunan mai miƙa masa tubali? Bai faɗi haka da ɗaci ba. A wurinsa haka sana'ar take, kuma in aka yi wa maigida kyautar doki ko riga ko hatsi, kowa yana samun rabonsa.

Musa Ɗanƙwairo kansa ta wannan hanya ya biyo. Gidansu gidan kiɗa ne a Maradun. Ya yi amshi a bayan mahaifinsa, ya yi Daudun Kiɗi, wato mataimakin jagora, a ƙarƙashin wansa Kurna, kafin ya ja nasa ayarin har zuwa rasuwarsa a 1991. Duk wanda ya saurari waƙar da ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello ya san ƙarfinta yana cikin yadda muryoyi ke shiga juna, wannan na sauka wancan na tashi, babu ɓaraka. Idan mai sauraro ya bugo ya ce Ɗanƙwairo ya fi kowa, gaskiyarsa ce ta wani fanni, amma yana yabon taron mutane ne da bai san sunan mafi yawansu ba. Tun daga wannan tafiya na ƙara gurbi a rajistar ajiyarmu don sunayen 'yan amshi da makaɗa. Nakan bi iyalan mawaƙa ina tambaya. Mafi yawan guraben har yanzu babu komai a ciki, domin waɗanda suka sani sun riga mu gidan gaskiya.

In kuwa ana neman wanda ya yi komai shi kaɗai, daga tunani har kiɗa har rerawa, to dole a tsaya a kan Ɗanmaraya Jos. Adamu Wayya sunansa, an haife shi a Bukuru a 1946, ya rasu a 2015. Ba shi da 'yan amshi, ba shi da ayarin makaɗa. Kuntiginsa kawai, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya da aka rufe da fatar akuya. Da shi ya ɗauki karen mota, yaron da direba ke yi wa tsawa fasinja ke rainawa, ya mayar da shi abin waƙa. Yadda yake gina waƙa ma daban ne. A waƙoƙinsa na zaman aure yakan zama miji, ya juya ya zama mata, ya zama tsohuwar da ke kai gulma tsakaninsu, duk da murya ɗaya, kuma ba za ka ruɗe ka kasa gane wa ke magana ba. In ka rubuta su sai ka ga kamar wasan kwaikwayo ne aka tsara, da shigowa da rikici da warwara. Ɗaliban da ke zuwa wurinmu sun fi saurin fahimtarsa, kuma ina ganin dalili shi ne bai dogara da sanin wani sarki ko wata fada ba. Mutanen da ke cikin waƙarsa suna nan a kowace tasha da kowane gidan haya.

Akwai daren da muka yi kusan awa guda ana jero sunaye, sai wata Hajiya ta bugo ta ce, "Malam, ku maza kun gama rabon sarautar waƙa a tsakaninku. Ina Barmani?" Tana da gaskiya. Barmani Choge, mutuniyar Funtua da ta rasu a 2013, da ƙwarya ta yi suna, kiɗan amada na cikin gida, na ranar biki da suna. Ta yi waƙa a kan kishiya, a kan haihuwa, a kan macen da ta zauna ba sana'a tana jiran miji ya ba ta kuɗin sabulu. Bakinta ba shi da shamaki, wasu ma har yau suna ganin ta wuce gona da iri. Amma in ma'aunin mai tsara waƙa shi ne maganarsa ta fita daga waƙa ta shiga bakin mutane, 'yan kaɗan ne suka kai ta. Matan da ba su taɓa riƙe littafi ba suna yi wa juna habaici da layukanta, suna ƙarfafa wa juna gwiwa da su a kan neman na kai. Kafin ta akwai Uwaliya Mai Amada a Kano. A bayansu duka akwai matan da suka tsara waƙoƙin daɓe da na niƙa da na reno da na gaɗa, waɗanda kowa ya haddace, ba wanda ya san mai su. Masu yawo da na'urar ɗaukar murya a wancan zamani galibi maza ne, iyakarsu zaure.

Wannan ya kai ni ga abin da ya fi damuna a aikin. Jerin manyan mawaƙan da muke musu a kai, jerin waɗanda aka ɗauka ne a faifai kuma faifan ya tsira. Gidan Rediyon Kaduna a 1962 aka buɗe shi, Narambaɗa kuwa a farkon shekarun 1960 ya rasu, saboda haka abin da ya iso mana daga gare shi kaɗan ne a kan abin da ya yi. Shata ya ga zamanin garmaho, ya ga na kaset, ya ga talabijin da bidiyo. Salihu Jankiɗi, makaɗin taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Aliyu Ɗandawo, manyan masana na ambatonsu da girmamawa, amma matashin yau da wuya ya kawo maka waƙarsu ɗaya. Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi sa'a an ɗauke shi, shi ya sa mutanen da ba su taɓa ganin damben Shago, ɗan damben da ya yi wa waƙa, ba suke maganarsa kamar sun tsaya a filin. Makaɗan noma da na farauta da na maƙera nawa ne suka yi irin wannan fasaha a ƙauyukansu aka binne su da ita?

Ko abin da aka ɗauka ma ba duka ya kai labari ba. A ɗakinmu akwai kwalayen da aka rubuta sunan makaɗi da shekara a bayansu da kyakkyawan rubutun hannu. Ka ɗora zaren a na'ura da ɗoki, sai ka ji jawabin wani jami'i a bikin buɗe rijiya. A shekarun da kuɗi suka yi wuya, in babu sabon zare sai a ɗauko tsoho a ɗora sabon shiri a kai. Wasu kuma zafi da laima sun manne su, in ka ja sai su tsinke. Duk ranar da na ci karo da irin wannan kwali, jikina yakan yi sanyi har in tashi aiki.

Duk da haka ba na gudun faɗin ra'ayina, domin wanda ya ce duk ɗaya suke bai saurara da kyau ba. In ana maganar saƙar magana zalla, wadda za ta tsaya da ƙafarta ko an cire kiɗa, Narambaɗa nake sa wa gaba, shi da mutanen da suka zauna zaure tare da shi. Shi ne wanda in na gama rubuta waƙarsa nakan sake karanta ta don jin daɗi, ba don neman kuskure ba. Shata kuma shi ne wanda ba na iya tsayar da kaset ɗinsa a tsakiya ba tare da na ji na katse wa mutum magana ba.

Mawaƙan yau na situdiyo, in ka lura, ba makaɗan fada suka fi gada ba. Sun fi kusa da marubuta waƙoƙi irin su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu da Aliyu Namangi mai Imfiraji, waɗanda ke zama da alƙalami su auna baiti, su kiyaye amsa-amo, su yi ƙwar biyu ko ƙwar biyar. Aminu Ala misali ne a fili. Marubucin littattafai ne kafin ya shahara da waƙa, kuma in ka rubuta baitocinsa za ka ga tsarin rubutacciyar waƙa ne aka ɗora a kan fiyano. Masu cewa waƙar Hausa ta mutu tare da Shata ba su zauna sun rubuta irin waɗannan ba. Akwai shirme da yawa a kasuwa, haka ne, amma a zamanin da ma akwai shi, lokaci ne ya tace mana.

Sabon abin da zamani ya kawo shi ne rabuwar mai rubutawa da mai rerawa. Mun daɗe da sanin wannan a finafinan Indiya ba tare da mun kula ba. Iyayenmu sun san muryar Lata Mangeshkar, sun san fuskokin 'yan wasan da ke motsa baki, amma da wuya ka samu wanda ya san Anand Bakshi, mutumin da ya rubuta baitocin waƙoƙi masu yawa da suka haddace. Finafinan Hausa sun ɗauko wannan tsari. Wani ya rubuta, wani ya yi kiɗa, wata ta rera, wata daban ta hau kanta a fim, sai jama'a su riƙa kiran waƙar da sunan 'yar wasan. In ta iso mana ta waya daga hannun masu tura waƙoƙi a kasuwa, sunan fim kawai ke jikinta. Sai na yi ta bugawa situdiyo-situdiyo kafin a gano wanda ya rubuta, sau da yawa wani matashi ne da aka sallama da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Halin wannan matashi ya fi na dattijon nan ɗan amshi muni. Shi dattijon yana cikin ayari, ana ganinsa a fada, duk kyautar da aka yi yana da kaso, in maigida ya tsufa ma yana iya gadonsa. Matashin sau ɗaya ake biyansa, waƙar ta yi shekara tana kawo kuɗi a YouTube da wuraren biki, shi ko labari. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2022, ta ba marubuci haƙƙin a ambaci sunansa, amma a yawancin cinikin da na gani babu takarda, magana ce ta baka tsakanin yaro da wanda yake kira maigida. In irin waɗannan matasa suka zo wurina nakan tuna musu al'adar marubutan da, waɗanda kan saka sunansu da garinsu a baitin ƙarshe don kada waƙa ta ɓata wa mai ita. Wasu sun gwada. Ɗaya daga cikinsu ya dawo ya nuna mini rubutunsa na asali a littafin makaranta, baiti goma sha biyu, sannan ya kunna mini waƙar yadda ta fito kasuwa. Sha ɗaya aka rera, aka ce na ƙarshen ya sa waƙar ta yi tsawo.